Taraktar Baba da Baturen da ke cikin waya

Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Daura ne, malamin firamare. Bara mahaifinmu ya rasu, ya bar mana tarakta Massey Ferguson 135 wadda ya saya a gwanjon gwamnati tun ba a haife ni ba. Da ita ya ci da mu, da ita ya aurar da yayyena. Shekara shida ke nan tana ajiye ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, tun da ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Ya bar mata biyu da mu 'ya'ya goma, maza huɗu mata shida, ni ne babba a maza. 'Yan gwangwan sun zo sau uku suna so su saye ta a kan kilo. Wani bakanike ya ɗan ɗara tayinsu. Sai ƙanena ya sa hotonta a Facebook, wani mutum ya fito ya ce shi wakilin wani Bature ne mai tara tsofaffin taraktoci, zai biya da dala, amma sai mun fara tura kuɗin takardun fitar da ita waje. Ina shirin cin bashi in yi mata fenti, in sa mata sabuwar kujera da fitilu don ta yi kyan gani. Innarmu kuwa, da an ta da maganar sayarwa sai ta tashi ta shige ɗaki. Me masu tara irin wannan kaya suke dubawa, kuma me ka ga ya dace in yi?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya haɗa kanku a bayansa.

Kada ka tura wa mutumin nan ko sisin kwabo, kuma kada ka ci bashin fenti. In waɗannan biyun kaɗai ka ɗauka daga amsata, na gode Allah.

Bari in fara da wakilin Bature, don shi ne ya fi gaggawa. Tun da kake, ka taɓa kai akuya kasuwar Mai'aduwa mai saye ya ce ka ba shi kuɗin mota tukuna kafin ya biya ka? Kuɗi daga hannun mai saye suke fitowa. Takardun kwastan, kuɗin jirgin ruwa, ɗaukar kaya daga Daura zuwa Legas, duk nauyin wanda ya ga kaya ya ce yana so ne. Wanda ya juya maka wannan tsari, ba taraktar yake so ba, albashinka yake so. Ka tura na takardu, gobe ya ce na inshora, jibi ya ce an riƙe dalar a banki sai an biya haraji, har ranar da za ka buga ka ji waya a kashe.

Akwai kuma abin da duk wanda ya san wannan harka zai lura da shi. Tsofaffin Massey daga Ingila suke gangarowa zuwa wajenmu, ba daga wajenmu suke hawa can ba. A can Ingila, kusa da garin Kambirij, akwai kamfanin gwanjo mai suna Cheffins da ke buga kasuwar injinan noma duk wata, kuma 'yan kasuwa daga Afirka suna cikin masu zuwa su saya su loda a kwantena. Baturen da ke son 135 zai same ta a gonar maƙwabcinsa, da takardunta, ya je ya tayar da ita da hannunsa kafin ya biya. Me zai kai shi cinikin biri a sama a Daura, ya ƙara da kuɗin jirgin da zai iya kai kuɗin taraktar kanta? In kana so zuciyarka ta kwanta, ka ce wa mutumin ya zo Daura ya gan ta, ko ya turo wanda zai gani. Ka kuma koma ka karanta saƙonninsa: ya taɓa tambayar ka lambar da ke kan farantin taraktar? Mai tarawa na gaskiya, ita ce tambayarsa ta farko, kafin ma ya tambayi kuɗi.

Masu tarawar dai akwai su da gaske, a Ingila da Ayalan da Amurka da wasu ƙasashe, da ƙungiyoyinsu da mujallunsu da ranakun baje koli. Kuma 135 tana cikin waɗanda suke ƙauna. An fito da ita a ƙarshen 1964, aka yi ta ƙera ta har cikin shekarun 1970, mafi yawa a masana'antar Banner Lane da ke Coventry, wasu a Faransa da Amurka. Injin yawancinsu na kamfanin Perkins ne mai fistin uku, ƙarfin doki 45 ko kusa da haka, ba ya shan gas da yawa, kuma bakanike mai sifana da guduma zai iya kwance shi a gindin bishiya ya mayar. Wannan sauƙin ne ya sa ta cika duniya, shi ne kuma ya sa tsufa kaɗai ba ya sa ta tsada. Kakarta ma, ƙaramar Ferguson mai ruwan toka da aka fara a 1946 aka daina a 1956, sama da rabin miliyan aka ƙera. Waɗanda ake zuba wa kuɗi na fitar hankali su ne waɗanda ba su da yawa, irin Doe Triple D, wadda aka haɗa taraktocin Fordson biyu, ɗaya gaban ɗaya, suka zama guda, 'yan ɗaruruwa kawai aka yi. Ta Baba ba ta cikin wannan sahu. Gara ka ji daga bakina yanzu da ka ji bayan bashi ya hau kanka.

To me suke dubawa? Asali. Mu nan in za mu sayar da abu sai mu yi masa kwalliya, su kuwa kwalliyar ce take kashe musu sha'awa. Jan fentin masana'anta da rana ta koɗar ya koma kamar ruwan goro, da ruwan tokan jikin injin da ya dushe, a wajensu shaida ne cewa ba a taɓa ta ba. Sabon fenti kowa zai iya yi a kwana biyu, amma na shekara hamsin in ya tafi ya tafi ke nan. Wannan kujerar ƙarfe mai kama da kwano da kake son cirewa, da fitilun da ke cikin ragar gaba, da tambarin nan mai kusurwa uku-uku a goshinta, da lambar 135 a gefen bonet, su ne idon kayan. Garin neman gira kada ka rasa ido.

Sai faranti. Ka duba wajen allon agogo, ƙarƙashin sitiyari, za ka ga ɗan farantin ƙarfe da aka kafe, da haruffa da lambobi. Akwai jadawalin da ke nuna shekarar da aka ƙera kowace lamba, ƙanenka zai iya nemo shi a intanet da wayar nan da ya sa hoton. Akwai wata lambar kuma da aka buga a jikin injin. Ka goge su da tsumma da ɗan kananzir, kada ka sa sanfefa, ka ɗauki hoto, ka rubuta a littafi. Tarakta mai faranti tana da suna da asali. Wadda ba ta da shi, mai saye zai fara tunanin ko ta sata ce, ko kuma an harhaɗa ta ne daga gawarwaki uku. Yayin da kake wurin, duba ko akwai wani ɗan hannu a allon da aka rubuta Multi-Power kusa da shi. In akwai, giyarta ta gaba goma sha biyu ce maimakon shida, kuma masu tarawa sun fi neman irinta.

Suna duba agogon awa, mai ƙirga awannin da injin ya yi aiki, amma ba sa yarda da shi, don wayarsa takan tsinke ya tsaya shekara ashirin a wuri ɗaya. Abin da ba ya ƙarya shi ne ƙarfe. Fedar kuloci, zanen da ke kanta yana nan ko ƙafar Baba ta shafe shi ya yi sumul? Sitiyari, nawa yake juyawa a banza kafin tayoyi su amsa? Ramin da ake sa fil ɗin tirela, yana nan da'ira ko ya koma kamar ƙwai? Daga nan mai ido yake karanta yawan aikin da ta yi. A nan Daura ta ba ku wata fa'ida da Bature ba shi da ita. A can danshi da kashin shanu suke cinye murfin tayoyi da ƙasan bonet har su huje. Iskarmu busasshiya ce, ƙarfe yakan daɗe. Namu ciwon daban ne: rana tana farfasa taya, ƙurar hunturu tana cin ring da fistin, sannan mai walda ya bi duk inda ya tsage ya ɗora masa tabo. In akwai walda a jikin injin ko a gidan giya, ka nuna da kanka kafin a gano.

Na taɓa raka wani aminina ganin tarakta a wani ƙauye ta wajen Bakori, shekarun baya. Mai ita ya ji za mu zo, sai ya sa aka shafe ta da jan fentin ƙofa, da buroshi, har kan notuna da wayoyi da bakin taya. Farantin ma bai tsira ba. Aminin nan nawa bai ce komai ba. Ya zaga ta sau biyu, ya ɗora tafin hannu a kan injin ya ji da ɗumi, ya gane an tayar da ita kafin mu iso don kada mu ga yadda take tashi da sanyi. Sai ya ciro makullin mashin ɗinsa ya kankare fentin a gefen injin, wajen da ya ga ya yi kauri. Walda ce a ƙasa, tsawon ɗan yatsa. Daga nan bai ƙara yarda da ko kalma ɗaya ta mai ita ba, har abubuwan da gaskiya ya faɗa. Tayin da ya yi bai kai wanda ya zo da niyyar yi ba, mai ita ya ce albarka, muka taho. Har yau ina jin tausayin mutumin, don da ya bar ta da ƙurarta ya nuna waldar da bakinsa, da an daidaita. Ka ga ba Bature kaɗai ke tsoron sabon fenti ba. Manomin Sandamu ma in ya gan shi, abin da zai fara tambayar kansa shi ne, me aka rufe?

Shi ne kuwa mai sayenka na gaskiya, manomi ko mai haya, kuma ba shi da nisa. Masu noman laka mai nauyi a Funtuwa da Ɗanja sun fi son manya, irin 375 mai ƙarfin doki 75 da ake shigowa da ita daga Fakistan. Amma ƙasarku jigawa ce, mai sauƙin huɗa. A Zango da Baure da Mai'aduwa, har tsallaken iyaka wajen Magarya da Matamaye, 135 mai lafiya tana jan haro da rija, tana kai taki gona a tirela, tana juya injin casa da kaka. Ga mutumin da ya gaji da ciyar da shanun huɗa duk rani, wannan dukiya ce. Kayan gyaranta kuma ba su yanke ba, ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano, don har yanzu ana ƙera danginta a Indiya da Fakistan. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka in za a kashe kuɗi, a kashe su wajen tayar da ita, don tsakanin tarakta mai tashi da wadda ke kwance akwai rata mai faɗi a farashi. Amma a bi a hankali. Kada samarin unguwa su ce a ɗaura mata igiya a ja ta da mota har ta kama. Injin da ya yi shekara shida bai motsa ba, in aka tilasta shi, ring yakan karye, abin da zai ci kuɗi kaɗan ya koma sauke inji gaba ɗaya. A kira bakaniken da ya san Perkins. Ya zaro sandar baƙin mai ya duba: in ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga. In salansarta mai kallon sama ce, kuma ba a kife mata gwangwani ba, ruwan damina shida ta sha. Ya gwada juya injin da hannu tukuna. Ya zubar da tsohon gas, ya wanke tanki, ya canza filta da baƙin mai, ya buɗe wajen shan iska don zanzaro yana son gina ɗakinsa a nan, ya bi wayoyi ya ga abin da ɓeraye suka bari. Batir a aro, ba sai an saya ba. In ta tashi, a bar ta ta yi zafi a kalli hayaƙi: ɗan baƙi lokacin da aka taka ba komai ba ne, shuɗi mai ɗorewa yana nufin tana shan baƙin mai. A ɗaura garma a hannuwan baya a ɗaga, a kashe inji, a ga ko za ta tsaya a sama ko za ta sulale ƙasa nan take. Bayan haka ruwa da omo, sai tsumma mai ɗan mai a goge jiki. Duk abin da aka canza, tsohon a sa a buhu a ajiye, a ba mai saye tare da ita.

'Yan gwangwan ka sallame su da fatan alheri. Taraktar ba ta wuce tan ɗaya da rabi ba sosai, kuma su kuɗin ƙarfe za su biya, alhali famfon injekta da gidan giya da kan injin, kowanne shi kaɗai kaya ne mai daraja a hannun masu gyara. Ko da injin ya ƙi tashi sam, wanda zai saye ta don kayan gyara ya fi su. Bakaniken da ya yi tayi kuma ba laifi ya yi ba, amma kada ya zama shi ne mai duba ta ya faɗa muku lafiyarta. Mai son saye ba ya yi wa kaya kuɗi. Ka ɗauko wani daga Katsina ko Funtuwa, ka biya shi kuɗin motarsa da na wahalarsa, ya faɗi abin da ya gani, sannan ka ji bakin mutum biyu ko uku masu harkar taraktoci kafin ku tsayar da farashi. Lokaci ma yana da tasiri. Da bazara, daga Afrilu zuwa Mayu, lokacin da kowa ke neman wanda zai yi masa haro kafin ruwa ya sauka, a nan ne mai saye yake zuwa da kansa. Tunda kuma hotonta ya riga ya zaga, a shigar da ita cikin gida ko a sa ido, don masu kwance famfo da dare su ma suna kallon Facebook.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Ka ce “ina shirin”, ka ce “in yi”. Ɗana, taraktar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun riga sun raba ta tun ranar da Baba ya cika. Bayan an biya bashinsa an zartar da wasiyya in ya bari, kuma in iyayensa sun riga shi rasuwa, lissafin gidanku ya faɗa daidai a kan kashi 16: matan biyu suna da tumuni, wato kashi 2, kowace ɗaya, kowace 'ya mace kashi 1, kowane namiji kashi 2. Naka biyu ne cikin goma sha shida. Ka kai wa malamin da ya san rabon gado ko alƙali ya tabbatar, musamman in akwai ƙanana a cikinku, don haƙƙin maraya ba abin wasa ba ne. Zama babba ya ɗora maka wahalar, bai ba ka ikon yanke hukunci kai kaɗai ba. Na ga gidajen da 'yan ɗaki biyu suka daina gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba, kuma kusan kullum farkonsa ɗaya ne: babban wa ya yi abu da kyakkyawar niyya bai faɗa wa kowa ba. Ka ci bashi ka yi gyara, gobe ka ce a cire maka, ɗan ɗakin can ya ce wa ya aike ka.

Ka tara su duka, har yayyenka da ƙannenka mata da ke gidajen aure, kada a ce za a gaya musu daga baya. A sa baffanku ya zauna a tsakiya. A amince a rubuce nawa za a kashe wajen tayar da ita, daga ina za su fito, kuma za a cire su kafin rabo. A nan ne kuma za a ji ko akwai mai so a cikinku. In ɗayanku manomi ne, ya saye ta a farashin da mutanen waje suka yi mata, ya biya sauran kasonsu, ko da kashi-kashi ne zuwa kaka. Ni wannan na fi so muku. Barin ta a matsayin ta kowa, a riƙa haya ana raba kuɗi, yana da daɗin faɗi, amma ranar da taya ta fashe za ka nemi masu kashi goma sha huɗu ka rasa. In kuma bare ne ya saya, a yi a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta lambar faranti da ta inji a takardar ciniki, a faɗi la'adar dillali tun farko, kuma kada taya ta motsa sai kun ga kuɗin a cikin asusu da idonku. Saƙon alat ba kuɗi ba ne.

Inna kuma ba gardama take yi ba. Ku kuna ganin ƙarfe a gindin darbejiya. Ita shekara arba'in tana gane dawowar mijinta daga ƙarar injin nan tun yana bayan gari, ta tashi ta ɗora ruwan wanka. Kada a yi mata maganar farashi a tsakar gida a gaban yara. Ka shiga ɗakinta bayan isha'i kai kaɗai, kada ka ambaci sayarwa. Ka ce mata, Inna, ba ni labarin ranar da Baba ya kawo taraktar nan. Wa ya tuƙo ta, gonar wa aka fara yi, wace shekara ce ta fi kawo alheri. Ka riƙe biro ka rubuta. Ka yi haka da abokiyar zamanta ma, don ita ma tana da kaso da tunani a ciki. Sannan ka tambaye su inda Baba yake ajiye takardunsa. Ina kyautata zaton rasit ɗin gwanjon nan yana ƙasan wata adaka, a naɗe cikin leda tare da takardun gona, wataƙila har da ɗan littafin da yake rubuta kadada da sunayen waɗanda ya yi wa aiki, ko hotonsa a kan kujerar. Waɗannan su ne tarihin da mai tarawa yake nema ya rasa, su ne kuma hujjarku ta mallaka a gaban kowane mai saye. Ku ba shi kwafi, na ainihin su zauna a wajen Inna. Ranar da bakanike zai tayar da injin kuma, ka gaya mata tun da safe, kada ƙarar ta same ta ba shiri.